Yayata Maginiya da Tafkin Dalma

Tun ranar da maza suka fita da Yaya a makara nake zaune a tabarmar nan ina karɓar gaisuwa, ina kuma sauraro. Kunnena bai mutu ba, ko da yake masu zuwa sun ɗauka ya mutu. Sai su durƙusa su ce min ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, sannan su koma gindin rumbu su faɗa wa juna abin da ke cikinsu. Wata ta ce an huta da faɗan bakin ruwa. Wata ta ce tsohuwa ce mai ibada, amma zuciyarta ta fi tukwanenta tauri. Matar Sarkin Ruwa ta ce ita dai ba za ta manta da ranar da marigayiya ta farfasa tukwane masu ƙyalli ba, dukiya guda, ana riƙe ta ana ba ta haƙuri. Suka fara dariya, suka tuna gidan rasuwa ne, suka haɗiye.

Wadda ta yi kukan gaske Bafillatana ce mai kawo mana nono daga rugar da ke hanyar Baturiya. Ta ajiye ƙwaryarta a zaure, ta tsaya bakin ɗakin Yaya tana cewa baiwarta ta gudu ba tare da an 'yanta ta ba. Wasan da ke tsakaninsu ke nan shekara da shekaru, don mu Barebari ne, kullum ɗaya na kiran ɗaya baiwa. Tana faɗin haka ta zauna a ƙasa ta ja zane ta rufe fuska.

Ban tanka wa kowa ba, alhali duk unguwar masunta ta Haɗeja an san ba a kayar da ni a magana. Ni ce mai ba da labari a gidan biki mata su manta da tuwo a wuta. Amma magana iska ke ɗauke ta, shi ya sa na ce a kawo alƙalami a rubuta wannan yadda na faɗe shi, tunda ni ko allo ban yi nisa ba. Ga kan zancen. Ina da jika mace a gidan nan, tana raye, bayan ikon Allah Yaya ce sanadi. Yarinyar tana da wa, ya riga mu gidan gaskiya, bayan ƙaddarar Allah ni ce sanadi. Wanda ya ji wannan ya ji duka, saura bayani ne.

Yaya ta girme ni ƙwarai, a bayanta na yi wayo. Gajeriya ce, mai manyan hannuwa duk faso. Ginin tukwane ta gada wajen innarmu, ni kuwa ban gaji komai ba sai baki. Ba ta taɓa gina yumɓun da ba ta ɗora a harshe ba. In ta je haƙa sai ta ɓantari ɗan kaɗan ta tauna, ta yi shiru kamar mai jiran a kira ta, sannan ta ce a ɗiba ko a matsa gaba. In tulu ya fito daga wuta sai ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ta kara kunne. Wanda amonsa bai yi mata ba, ko ka ninka kuɗin ba za ta sayar ba, sai ta ba ka kyauta ta ce ka zuba wa kaji ruwa. Kalmarta guda ce a duniya: a bari ya kwana. Yumɓu a bari ya kwana, fushi a bari ya kwana, ko neman aure aka kawo mata shawara sai ta ce a bari ya kwana. Har yara suka riƙa tsokanarta da shi, in an ce su zo su ci tuwo su ce a bari ya kwana, ita ma ta yi dariya ta jefe su da guntun kasko.

Ban da tukwane tana yi wa masunta ƙwallayen yumɓu, 'yan ƙanana masu huda a tsakiya, waɗanda ake jera wa bakin ragar kamun kifi, birgi da taru, don su nutse. Duk mai kwale-kwale a yankinmu ya san ƙofar gidanta.

Allah bai ba ta haihuwa mai zama ba. Da na yaye ɗana na fari, sai aka miƙa mata shi, kamar yadda ake yi. Ita ta raine shi, ita yake kira Inna, ni kuwa Iya, in ta kama dole. Ɗan fari ne, akwai kunya: ba na faɗin sunansa, ba na kallonsa ido da ido, in zan yi zancensa sai in ce ɗan Yaya. In mun haɗu a hanya sai in kau da kai kamar ban san shi ba. Amma kada wani ya ɗauka kau da kai rashin so ne. Duk abin da yaron nan ya yi a duniya ina ƙirga shi a zuciyata, ina kumbura ni kaɗai.

A bayan unguwarmu akwai tafki, reshen kogi ne. Da damina kogi ya cika ya haɗe da shi, in ruwa ya janye sai ya yanke ya tsaya shi kaɗai har wata daminar. Shi muke sha da rani, don kogin kansa yakan koma can nesa, sai ka keta yashi mai zafi da ƙaya kafin ka kai. A bakin tafkin Yaya ke haƙar yumɓu, a tudun da ke samansa take toya tukwane.

Bayan sojojin Turawa sun dawo daga yaƙi, motocin gyaɗa suka yawaita tsakanin Haɗeja da tashar jirgin ƙasa ta Malam Maduri. Ɗan Yaya ya yi abota da wani direba, shi ya nuna masa cewa a cikin mataccen batir na mota akwai dalma. Sai ya riƙa sayo su. Ya fasa da gatari a bakin tafki, ya zubar da ruwan nan mai cin tufa, ya zaro falle-fallen ciki, ya wanke musu wata baƙar laka a cikin tafkin, ya narka a kasko, ya zuba a mazubi. Mazubin farko ma Yaya ce ta gina masa da hannunta, tana murna ɗanta ya sami sana'a. Dalma ta fi yumɓu nauyi, birgi ya rufe kafin kifi ya farga. Masunta suka bar ƙwallayen Yaya suka koma wurinsa, har daga wajen Kaugama ake zuwa. Shi ya fara sayen keke a unguwarmu. Wata rana na tarar da turmin zane a bakin ɗakina, ba wanda ya ce min daga ina, ni ma ban tambaya ba. Na ɗaura shi na zaga gari gida-gida, wai gaisuwa nake yi.

A rani na biyu da fara wannan aiki Yaya ta buɗe tukwanen da ta toya, sai ga su da wasu ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, rawaya-rawaya, kamar an yayyafa musu narkakkiyar kwalba. Ba mu taɓa ganin irinsu ba. Mata suka taru suna wawaso, kowa na cewa nata ne wannan, za ta sa a ɗakin 'yarta. Yaya ta kankari ɗaya da farce, ta lasa. Ta gangara ramin yumɓu ta ɓantara ta tauna, ta tofar, ta kurkure baki ta sake tofarwa. Ranar nan kaɗai na ga ba ta bari ya kwana ba. Ta ɗauko taɓarya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da aka riƙe ta ana tambayar ko lafiya, abin da ta ce ke nan:

"Wannan ba yumɓuna ba ne. Dalmar yaron nan ce ta shiga ƙasa. In tana cikin ƙasa, tana cikin ruwan da kuke sha."

Kafin la'asar zance ya gama unguwa, kuma kowa ya san fassararsa: an daina sayen ƙwallayenta, baƙin ciki ya kama ta. Ni ma haka na fassara. Na ma fi kowa iya faɗinsa.

Alamu kuwa ba su ɓuya ba. Agwagin da ke kiwo a tafkin suka fara jan fiffike a ƙasa, wuyansu ya saki, su kwanta su mutu. Muka ce annobar kaji ce. Maruƙan Fulani biyu suka makance, suna dafa kai jikin bishiya suna cizon haƙora. Bafillatanar nan ta zo ta ce wa Yaya ashe baiwa ma takan faɗi gaskiya wata rana, mutanensu sun ɗauke shanu daga tafkin, gara su sha wahalar zuwa kogi. Yaya ta ce mata ai daman saniya ta fi mai ita hankali. Masu shanu suka ji, mu masu 'ya'ya ba mu ji ba.

Ta yi wa ɗanta magana ba sau ɗaya ba. Shi kuwa yana da amsa, kuma amsar tana da daɗin ji. Ya ce dalma nauyi gare ta, ƙasa take nutsewa ta kwanta, me ya haɗa ta da ruwan sama? Ya ce ga ruwa nan garau, ana ganin ƙafa a ciki. Ya ce kwallin da muke sa wa jarirai tun kakanni ai ɗan'uwanta ne. Ta je wurin Sarkin Ruwa, ya ce wanda ke shakka ya tafasa, wuta ba ta barin komai. Ta je wurin mai unguwa, ya ce maganar uwa da ɗa ce, a gama ta a gida.

Da ta ga haka sai ta koma tsayuwa a bakin tafki da sanda kowace safiya tana mayar da masu tulu. Nan faɗan bakin ruwan da ake faɗi ya samo asali. Wasu su zage ta, wasu su zagaya ta wani gefen su ɗiba. A lokacin matar ɗan Yaya tana goyon ɗanta na fari, namiji, kuma a gidana suke zaune, ni ke kula da abin da yaro zai ci da wanda zai sha. Wata safiya na zo da tuluna, mata sun cika wurin. Yaya ta sauke sandar, ta ce min a hankali kada in kai wa yaron nan ruwan nan, ita za ta riƙa kawo masa daga kogi.

Da ta faɗa min a ɗaki, wataƙila da na ji. Amma ga mata sun yi shiru suna jiran su ga abin da mai baki za ta yi. Na ajiye tulu na gyara ɗaurin zanena, zanen nan dai. Na ce tun muna yara ba ta son ganin wani ya wuce ta. Na ce yaro ya sami abin rufin asiri tana neman tone shi saboda ƙwallayen laka. Na yi ta, mata na gyaɗa kai, daɗin bakina na ɗibata. Sai na rufe da wadda har na shiga kabari ba zan daina jin ta ba:

"Da ke kika haife shi, da ba ki yi masa haka ba."

Ta dube ni. Ta ce, "Haka ne." Ta ɗauki sandarta ta hau tudu.

Shekara uku ina gaba da ita. Ni ke gabar, ita ba ta yi ba. Kowace safiya in na fito sai in tarar da tulu cike a ƙofar gida, da ganye a bakinsa, jikinsa na naso. Daga kogi ta ɗebo shi, can sama da inda tafkin ke haɗuwa da shi, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta keta yashin nan ta dawo. Ni kuwa in ɗauka in juye a gindin zogale, in ajiye mata tulun a waje. Na gaya wa matar ɗan Yaya ranar da ta ba yaron ruwan nan ta haɗa kayanta. Ruwan tafki nake ɗebowa in tafasa masa, in bar shi a wuta har tukunya ta koma rabi, ina ganin ba kakar da ta kai ni tattali. Daga baya Yaya ta nuna min da gishiri: ka tafasa ruwan gishiri, ruwan ne ke tashi, gishirin na nan, sai ma ƙara ƙarfi. Ashe abin da nake yi wa yaron ke nan.

Yaro ne kakkaura, ya fara tafiya, ya fara cewa Iya, yana kiran kowace dabba akuya. Sai ya fara ƙin abinci. Cikinsa ya ɗaure, kwana uku huɗu ba ya fita, ya riƙa naɗe ƙafafu yana kuka. Ya ɗashe kamar an wanke shi. Ya riƙa gutsurar ƙasar bango yana ci. Ya bar tafiya ya koma rarrafe, 'yan kalmomin da ya iya suka zube ɗaya bayan ɗaya. Sannan jijjiga ta zo. Muka ce iskan ruwa ne ya shafe shi. Aka yi turare, aka karɓo rubutu, rubutun ma da ruwan tafki na wanke na ɗura masa. Bai cika shekara uku ba. Da rana tsaka ya tafi, a cinyata.

Yaya ta zo gaisuwa, ta zauna can baya wajen murhu. Washegari ga tulu a ƙofa. Na juye shi a gindin zogale. Ku rubuta wannan da kyau, kada ku gyara min. Na juye shi ne don in na shigar da tulun nan gida, to na yarda da bakina ni na shayar da jikana ajalinsa. Shekara guda da wani abu na ƙara ina juyewa.

Tun yana kwance da ciwon nan aka haifi ƙanwarsa, yarinyar. Tana nono lafiya lau. Da aka yaye ta aka koma kunu, ba a yi wata nawa ba na shiga ɗaki na same ta ta juya wa mutane baya tana kankarar bango da haƙora. Na ɗauke ta, ta naɗe ƙafafu ta fasa irin kukan nan. Na san shi. Ko a cikin kukan yara ɗari zan ware shi.

Uban ma a lokacin jikinsa ya fara faɗa masa. Murɗar ciki takan kayar da shi yana birgima a tsakar gida kamar mai naƙuda. Hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu, ludayin zubi na suɓuce masa. Rannan yana nishi na saci kallonsa, na ga wani baƙin zare ya bi dasashinsa a gindin haƙora. Duk da haka da ya ji sauƙi sai ya koma bakin tafki, ya ce maiƙo ne ya yi masa yawa.

Matarsa yarinya ce mai kunya, tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Wata safiya na fito zan juye tulu, sai na tarar ta riga ni, ta rungume shi a ƙirji. Ta durƙusa da shi a hannu, ta ce:

"Iya, in kora ce ki kore ni. Amma yau da ruwan Inna zan dama mata kunu."

Na matsa mata ta wuce.

Na zauna a bakin ɗaki har hantsi ya ɗaga. Ruwan tulu ɗaya ba zai tsare yarinya ba alhali uban na dawowa da ƙurar dalma a riga yana ɗaukarta, ana wanke mata kwano da tsumma a tafki, kullum kuma ana ƙara zuba masa sabuwar laka. Wanda zai tsayar da abin mutum ɗaya ne, kuma wadda ta raine shi ta yi shekaru tana kiransa bai juyo ba. Na yafa mayafi na gangara.

Yana tsugune gaban wuta, masunta sun kewaye shi suna jiran zubi. Na tsaya daga sama na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda aka raɗa masa ina ɗaki ina jego, wanda bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar. Mutumin da ya fara furfura. Ya waiga baya tukuna, yana neman mai kiran, sannan ya gane. Masunta suka sunkuyar da kai kamar sun ga tsiraici, kuma kusan hakan ne.

Na ce, "Kashe wutar nan. Ɗaya ya tafi, ni da kai muka raka shi. Ba za ka ƙara min ta biyu ba."

Ya dubi kaskon. Ya ce, "To, Iya." Ya sa hannun hagu ya ɗebi yashi ya zuba a kan garwashin.

Bai ƙara zubi ba. Ya koma noman shinkafa a fadama da ɗinkin taru, da hannun da bai gama dawowa ba har yau. Keken ya tafi. Masunta suna sayo dalmarsu daga wani wuri yanzu, ban san wane tafki ake wanke ta ba, Allah ya tsare 'ya'yan mutanen can. Akwai waɗanda har gobe suke cewa tsofaffi biyu sun haɗa kai sun karya yaro. Na ji, ban amsa ba.

Na ɗauka an gama, Yaya ta ce ba a fara ba. Aika min ta yi, don har lokacin ba mu magana. Ta ce wuta ta mutu amma lakar na nan kwance, damina ta zo ta motsa ta, rani ya zo ya tattara ta. Ta sa aka saro mata ƙayar magarya ta kewaye tafkin. Da ruwa ya ja baya sai ta shiga da fartanya tana kankare baƙar lakar, tana zubawa a kwando, tana kaiwa wani rami can kan tudu inda ambaliya ba ta isa, ta rufe da jar ƙasa. Ita kaɗai. Mutane na wucewa suna cewa tsufa ya taɓa ta.

A rana ta uku na ɗauki kwandona na je. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, na jera shi tsaf, mai sa kuka. Da na isa ta ɗago ta dube ni, ta ce gammona ya karkace, in gyara kada in zubar mata a hanya. Shi ke nan sulhun. Rani biyu muka yi muna wannan aiki, in mun tashi ta sa mu wanke hannu da ƙafa da toka da ruwan kogi kafin mu taɓa abinci, tufafin aikin kuwa a kan tudu muke barinsu.

Sau ɗaya na samu na tusa maganar. Muna hutawa a inuwar tsamiya na ce mata kalmar nan da na faɗa a gaban mata, ta yafe min. Ta ci gaba da murza gwiwarta. Ta ce ai ba ƙarya na yi ba, ita ta yi shekaru tana kira, ni na kira sau ɗaya ya ji. Ta ce ita abin da ke hana ta sukuni daban ne, mazubin farko da hannunta ta gina shi, ta kuma zaɓa masa bakin tafki don ya zauna kusa da ita tana ganinsa. Ban taɓa sanin tana ɗauke da wannan ba. Na yi zaton ni kaɗai ke da kaya.

Yarinyar ta tashi. Ba a rana ɗaya ba, a hankali, cikin ya saki, jini ya dawo fuska, ta bar cin ƙasa. Yanzu ta isa aike. Maganarta na da nauyi, sai an faɗa mata abu sau biyu, kuma takan gaji kafin sa'o'inta. Ban san nawa ruwan nan ya ɗauka daga cikinta ba, ban san me za ta zama ba da ban yi taurin kai ba. Amma tana gudu, tana dariya, tana zagina da tsohuwa mai haƙori uku. Ta fi son Yaya da ni, kuma ban ga laifinta ba.

A rani na uku, wannan da muke ciki, Yaya ta faɗi da kwando a kai a kan hanyar tudu. Kwana bakwai ta yi a kwance. Ba ta yi dogon wasici ba, ba halinta ba ne. Ta ce gefen gabas ba a kankare ba, kada a cire ƙayar sai an gama shi an kuma ga damina ta wanke wurin. Ranar Alhamis da walaha ta cika, da kalmar shahada a bakinta. Daga Allah muke, wurinsa ta koma, mu ma muna hanya.

Ranar sadakar uku gida ya cika, mata na ta daka gero a bayan gida za a yi gumba. Ina zaune sai na lura da zirga-zirgar masu tulu, suna fita suna dawowa tun ƙafarsu ba ta yi ƙura ba. Wanda ya je kogi ba ya dawowa haka. Na tashi na leƙa, na tambayi inda aka ɗebo. Wata ta ce min in yi haƙuri, baƙi sun yi yawa, kogi da nisa, sun ɗan janye ƙayar ta gefen gabas ne, na yau kaɗai, ai ruwan ya yi garau. Da shi aka wanke geron, da shi aka cuɗa. An riga an fara dunƙulawa ana jerawa a faifai, malamai na zaure suna jira.

Na waiga na ga jikata a gefen turmi, wata ta ba ta dunƙule guda, ta kai shi baki. Na kama hannun na ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya na karɓe, na sa yatsa na share mata baki. Ta yi kuka, ta dake ni a ƙirji. Na haɗa faya-fayan duka na juye a kwando, gero mai yawa, sadakar 'yar'uwata. Mata suka riƙe ni suna cewa abinci ne, alhaki ne, me za a ce wa mutanen zaure. Na ce a ce musu su jira. Ɗan Yaya ya ji hayaniya ya shigo, ya dubi kwandon, ya dube ni. Ya ɗauka da hannun hagu ya ɗora a kai, ya nufi ramin tudu.

Sai bayan la'asar aka yi addu'ar, da sabon gero da ruwan kogi, rabin mutane sun watse da fushi. Waɗanda suka tsaya sun isa. Allah ya haskaka kabarin maginiya, ya shayar da ita ruwan da ba a zuba wa komai ba, ya yafe mata mazubin nan, ni ma ya yafe min nawa. Yarinyar ta ci gumba biyu, ta ce in ƙara mata, na ƙara.